Sifirin da ke gaban lamba haƙƙin wani ne

Sau uku wani dattijo ya zo ofishinmu a mako guda, a kan keke, daga wani ƙauye da ke bayan Kura. A zuwa na uku ko zama bai yi ba. Ya jingine keken a gindin dalbejiya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, ni ban ce an ci ba. Amma maƙwabcina ya ga alat tun ranar Litinin, har ya zuba takinsa. Ni kuwa shinkafata ta fara yin ja." Na ce, "Baba, shigo ka zauna. Yau ba za ka koma gida ba sai mun gano inda kuɗinka ya maƙale."

A lokacin ni ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoman rani. An amince a ba mambobi rancen kuɗin taki, kowa ta asusunsa na banki, mutum 400 da 'yan kai. Muka tattara sunaye da lambobin asusu a takarda, muka shigar a Excel, muka kai banki. Mafi yawa suka samu, wasu da dama shiru. A ƙasar nan kuwa idan kuɗi bai iso ba, abu na farko da ke zo wa mutum a rai shi ne wani ya danne, kuma ba na ganin laifin mai wannan zato, domin idonsa ya sha gani. Kafin mako ya ƙare an fara ƙus-ƙus a kan shugaban ƙungiya, mutumin da na san ko shayin taro da kuɗinsa yake saye. Ni ma ban tsira ba.

Dattijon ya zaro wata 'yar takarda daga aljihun gaba, wadda jikansa ya rubuta masa lambar asusun a kai. Na ɗora ta a gefen kwamfuta ina duba lamba ɗaya bayan ɗaya. A takardarsa lambobi 10 ne, biyun farko sifiri. A kwamfutata 8 ne. Babu ɓarawo a cikin lamarin. Sifiri biyu ne suka ɓace, suka tafi da kuɗin takin bawan Allah.

Ga abin da ya faru, kuma yana faruwa yau ɗin nan a ofisoshi da makarantu da ƙungiyoyin adashi. Excel an gina shi ne don lissafi. Duk abin da ka rubuta a gida ɗaya na jadawalin, idan lambobi ne zalla, sai ya ɗauka adadi ne. A dokar adadi kuwa 007 da 7 abu ɗaya ne, kamar yadda aka koya mana tun firamare cewa sifirin hagu ba ya ƙara komai. Don haka in ka rubuta 0012345678, kana danna maɓalli zai mayar da shi 12345678, ba tare da ya tambaye ka ba, ba tare da ya sanar da kai ba. A wajen buhunan shinkafa yana da gaskiya. Amma lambar asusu ba adadi ba ce. Ba wanda ya taɓa tara lambobin waya biyu ya ce ga jimla, ba wanda ya taɓa raba lambar asusu gida uku. Suna ne da aka rubuta da lambobi. Cire masa sifirin gaba daidai yake da ka cire harafin K daga Kano ka rubuta a bayan ambulan, sannan ka zauna jiran amsar wasiƙa.

A Najeriya wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin kusan duk lambar da rayuwarmu ta rataya a kanta tana iya farawa da sifiri. Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin NUBAN a 2010, bankuna suka koma kansa a 2011, tun daga nan kowane asusu lambobi 10 ne cif, kuma ɗimbin asusai da sifiri suke farawa. Lambar wayar salula 11 ce, kowacce da sifiri a gaba. Su kansu bankunan lambobin shaidarsu haka suke: First Bank 011, UBA 033, Access 044, Zenith 057, GTBank 058. Zuba su a Excel, ka ga 11 da 33 da 44. Lambobin rumfunan zaɓe ma 001, 002 ake rubuta su. Duk akawun da ke haɗa takardar albashi, da malamin da ke tattara bayanan ɗalibai, da sakataren ƙungiyar mata da ke jera masu karɓar tallafi, a bakin wannan rami suke tafiya kullum.

Abin da na fara yi a ranar shi ne abin da kowa ke yi: gyara da hannu. Na tayar da janareta bayan isha'i, na riƙa bin layi ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga lambobi da kan biro, ina ƙara sifiri inda ya gaza. Na kai tsakar dare. Washegari da na sake dubawa na tarar da wurare biyu da na yi kuskure, ɗaya na ƙara sifiri ɗaya alhali biyu ake buƙata, ɗaya kuma na tsallake shi gaba ɗaya. Ba sakaci ba ne. Idon da ya duba layi na 3 ba shi ne yake duba layi na 300 ba. Wannan ya tsorata ni fiye da matsalar farko, domin yanzu kuskuren daga hannuna ya fito, kuma da ya wuce ba ni da hanyar nuna wa kowa inda na taɓa da inda ban taɓa ba.

Wata 'yar bautar ƙasa da aka turo mana ce ta fitar da ni. Ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta ce, "Yallaɓai, da ka bari na gwada wani abu." Ta buɗe sabon layin tsaye a gefen na lambobin, ta rubuta wannan a gidan farko:

=REPT("0",10-LEN(A2))&A2

Kada mai karatu ya tsorata da ganin baƙaƙen nan, maganar da ke ciki ba ta fi ta 'yan kasuwa wuya ba. LEN yana ƙirga yawan lambobin da ke gidan A2. In ya samu 8, sai a cire 8 daga 10, saura 2. REPT kuma aikinsa ɗaya ne tak a duniya: ka ba shi rubutu, ka gaya masa sau nawa, ya maimaita. A nan an ba shi sifiri an ce sau 2. Alamar ƙarshe ta liƙa sifiran a gaban lambar. In lambar dama cikakkiya ce, 10 a cire 10 babu saura, REPT ba zai ƙara komai ba, ya bar ta yadda take. Ta kama gefen gidan ta ja shi har ƙasa. Aikin da ya cinye min dare, bai kai minti ɗaya ba.

Saurin bai burge ni kamar wani abu da na lura da shi daga baya ba. Lambobin asali suna nan a layinsu ba a taɓa su ba, gyararrun suna gefe, ƙa'idar da aka bi wajen gyaran kuma tana rubuce a fili, duk mai so ya danna ya karanta. Da mai binciken kuɗi zai zo ya ce me kuka yi wa wannan jerin, amsa layi ɗaya ce, kuma iri ɗaya ce ga mutum na farko da na ƙarshe. Wannan shi ne ra'ayina, kuma a kansa na tsaya: duk aikin da maimaici ne, in ya shafi haƙƙin mutane, bai kamata a bar shi a hannun ɗan Adam mai gajiya ba. A rubuta ƙa'ida sau ɗaya, a duba ta da kyau, a bar na'ura ta maimaita. Mutum ya ajiye hankalinsa don abin da na'ura ba ta iya gani. Ni a wurina wannan maganar amana ce kafin ta zama maganar fasaha.

Ba Excel kaɗai ke da wannan umarni ba. Google Sheets da LibreOffice suna da REPT iri ɗaya. Masu aiki da rumbun bayanai suna da REPLICATE a SQL Server, da REPEAT da LPAD a MySQL da PostgreSQL. A Power Query akwai Text.Repeat da Text.PadStart, a Python akwai zfill. Sunaye ne suka bambanta, aikin ɗaya ne, kuma kasancewar kowane gida ya tanadi nasa ya isa ya nuna buƙatar ta kowa ce.

Wanda ke ganin cika lamba da sifiri ƙaramin abu ne, ya ji abin da ya faru ranar 22 ga Maris 2016. Wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da masu kula da npm, rumbun da masu aiki da JavaScript ke ɗauko kayan aiki daga ciki, a kan sunan wani aikinsa da kamfanin Kik ya ce nasa ne. Ya yi fushi ya kwashe ayyukansa sama da 250. A cikinsu akwai wani ɗan ƙarami mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda ba ya yin komai sai maimaita harafi a gaban rubutu har ya kai tsawon da ake so, wato abin da yarinyar nan ta yi min. Ashe dubban manhajoji sun jingina da shi, har da manya irin su Babel da React. Aiki ya tsaya wa masu gina manhaja a ƙasashe da yawa, sai da npm ta dawo da shi a ranar. A 2017 aka shigar da padStart cikin harshen JavaScript kansa. Idan manyan injiniyoyin duniya sun yi tuntuɓe da wannan ɗan dutse, akawun ƙaramar hukuma ba shi da abin jin kunya, illa dai ya koya.

To amma a nan ne nake so mu daɗe, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma na ga masu koyon REPT da safe su yi ɓarna da shi da yamma.

REPT bai san dalilin da ya sa lamba ta gaza ba. Tsawo kawai yake gani. A jerin namu akwai wata mata da lambarta ta zo da 9. Fomula ta ƙara mata sifiri, ta zama 10, ta yi kyau a ido kamar sauran. Banki ya sake dawo da ita. Da muka nemo takardar asali, sai ga shi asusunta ba da sifiri ya fara ba ko kaɗan. Wanda ya shigar da bayanan ne ya tsallake lamba ɗaya a tsakiya. Kafin gyara kuskuren a fili yake, kowa ya ƙirga zai ga 9. Bayan gyara ya sa riga ya shiga cikin jama'a. Abin da ya cece mu shi ne yadda aka gina NUBAN: lamba ta 10 ba ta cikin jerin asusun, lambar tantancewa ce da ake lissafo ta daga sauran 9 haɗe da lambar bankin, don haka lambar da aka yi wa kuskure galibi ba ta wucewa. Na ce galibi, domin lambar tantancewa ɗaya ce cikin goma, daga 0 zuwa 9, kuma lambar bogi tana iya dacewa da ita bisa tsautsayi. Ranar da ta dace, kuma aka yi rashin sa'a akwai mai wannan asusu, kuɗin marainiya ya tafi Fatakwal wurin wanda bai san ta ba. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi a wurin mai POS ya san ana karanto masa sunan mai asusu kafin a danna. Abin da muke yi wa naira 5,000 ke nan. Me zai sa ofis ya tura wa mutum 400 kuɗi bai nemi banki ya tantance masa sunayen ba?

Sai kuma lambar da ta yi yawa. In wani ya rubuta 11 a maimakon 10, ko ya sa lambar waya a gurbin ta asusu, lissafin zai ba da ƙasa da sifiri, REPT kuma ba ya iya maimaita abu sau ƙasa da babu, sai ya rubuta #VALUE! a gidan. Matasa da yawa ba sa son ganin wannan rubutu, yana ɓata musu tsarin takarda. Sai su lulluɓe shi da IFERROR, ko su koma wata dabarar da ke zuba sifiri 10 a gaba sannan ta yanko 10 na ƙarshe da RIGHT. Wannan dabarar ba ta taɓa yin ƙorafi. Ka ba ta lamba 11, ta sare ta farko ta miƙo maka 10 tana murmushi. Ni ina adawa da ita a duk inda kuɗi ko shaidar mutum ke ciki. Wannan #VALUE! ɗin da ake gudu shi ne ma'aikacin da ya fi kowa gaskiya a ofis, shi kaɗai ne ya ɗaga hannu ya ce akwai matsala a layi kaza. Ba a toshe bakin mai gadi don yana hana barci.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ruɗa ƙirga. LEN yana lissafa gurbin da ba a rubuta komai ba, don haka lamba 9 da aka bar wa fili a baya za ta fito 10, a wuce ta. TRIM ne ke share wannan, kuma shi ya kamata ya riga REPT shiga. Akwai masu buga harafin O a wurin sifiri. Waɗannan ba sa ɗaukar lokaci in an san da su.

Abin da ya fi ciwo shi ne wanda ba ya gyaruwa. Lambar waya da aka rubuta da +234 tana zama lambobi 13. Excel kuwa in adadi ya kai lambobi 12 yakan taƙaita shi a ido, ka ga wani abu kamar 2.34803E+12. Muddin fayil ɗin yana nan a matsayinsa na Excel, cikakkiyar lambar tana ciki. Amma in aka adana shi a matsayin CSV yana cikin wannan kama, abin da ido ke gani shi ake rubutawa, sauran lambobin sun tafi har abada. Haka kuma Excel ba ya riƙe fiye da lambobi 15 na adadi. Rubuta lambar katin banki mai 16, zai mayar da ta ƙarshe sifiri. Dubi abin mamaki: ya cire sifirin gaskiya a gaba, ya ƙara na ƙarya a baya. Babu REPT, babu wata fomula da za ta dawo da abin da ba a ajiye ba. Sai dai a koma ƙauye a sake tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin mota da ranakun aiki da haƙurin jama'a.

Shi ya sa ba na so a fahimce ni kamar ina tallan magani ne a bar rigakafi. Rigakafin ba shi da wuya. Kafin a rubuta lamba ko ɗaya, a zaɓi layin a gaya wa Excel cewa rubutu ne, ba adadi ba. Fayil ɗin CSV kuma kada a buɗe shi da danna sau biyu, a shigo da shi ta ƙofar shigo da bayanai, inda ake tambayar ka matsayin kowane layi. Na sha ganin an gyara jeri tsaf, an adana, wani ya buɗe don ya "duba kawai", ya sake adanawa, sifiran suka sake tafiya. A 2023 Microsoft ya ƙara wani zaɓi da ke ba mutum damar hana Excel cire sifirin gaba da sauran sauye-sauyen da yake yi da kansa. An daɗe ana jira. Kafin nan har masana ƙwayoyin gado sun gaji: Excel na mayar musu da sunaye irin su SEPT1 da MARCH1 kwanan wata, sai a 2020 kwamitin da ke raɗa waɗannan sunaye ya bayyana sauya kimanin 27 daga cikinsu, SEPT1 ya koma SEPTIN1, MARCH1 ya koma MARCHF1. Su sun iya sauya suna don su zauna lafiya da manhaja. Manomin Kura ba zai iya sauya lambar asusunsa ba. Kuma sabon zaɓin yana cikin sababbin fitowar Excel ne, alhali kwamfutocin da nake gani a ofisoshinmu da shagunan buga takardu da yawansu na 2007 da 2010 suke ɗauke da shi. Ga shi kuma ba kai kake haɗa kowane jeri ba, turo maka ake yi daga mazaɓu da makarantu a lalace. Don haka sanin gyara ba zai daina amfani ba nan kusa.

Wani abokin aikina, akanta ne da ya girme ni a aiki, yana ganin duk wannan wahala ce. Ya ce ai sai ka zaɓi layin ka ba shi siffar sifiri goma, nan take lambobin su cika. Gaskiya ne suna cika a ido. Amma kwalliya ce, a ciki lambar tana nan da 8 ɗinta. Ranar da ka zo haɗa jerin da wani jerin da aka adana a matsayin rubutu, ka sa VLOOKUP ya nemo maka mutum, sai ya ce bai san shi ba, kai kuma kana kallon lambobi biyu iri ɗaya a gabanka. Ya kuma kawo TEXT, wanda shi gyara ne na gaske, ba na musu. Na fi son REPT ne saboda dalili biyu: yana aiki ko da lambar ta haɗa da haruffa, kamar lambobin ɗalibai da na ma'aikata, kuma yana ihu idan tsawo ya wuce ƙa'ida, TEXT kuwa shiru yake yi ya bar ta ta wuce. Har yau ba mu daidaita ba ni da shi, amma ya daina gyara da hannu, wannan ya ishe ni.

Akwai wani amfanin REPT da na fi so a ɗauka da gaggawa, shi ne rufe asiri. Je ka sakatariya ko makaranta ranar da aka fitar da sunayen waɗanda suka samu tallafi ko aiki. Za ka ga takardu a manne a bango, suna, lambar waya, lambar asusu, wani lokaci har da BVN, kowa na ɗauka a waya. Kafin yamma jerin ya zaga WhatsApp. Bayan kwana biyu sai a kira tsohuwa, a ambaci cikakken sunanta da bankinta da tallafin da take jira, a ce daga banki ne, ta karanto lambar da aka turo mata. Me zai hana ta yarda, alhali mai kiran ya san abin da ita da ofis kaɗai ya kamata su sani? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu ne muke tsaga bangon da hannunmu. Ga maganin, layi ɗaya:

=REPT("*",6)&RIGHT(B2,4)

Taurari 6, sannan lambobi 4 na ƙarshe. Mai asusu zai gane nasa, ɗan damfara bai samu komai ba. Sharaɗi ɗaya ne: abin da za a fitar ya zama takarda ko PDF, ko a kwafe sakamakon zalla zuwa sabon fayil. In ka tura fayil ɗin Excel ɗin kansa bayan ka ɓoye layin asali, ba ka rufe komai ba, duk wanda ya iya danna dama zai buɗe. Tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu, kuma ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin tsare su. Amma ko babu doka, wanda ya ba ka lambar asusunsa amana ya ba ka.

Har wani ɗan amfani na samu da ban zata ba. Shugaban ƙungiyarmu ba ya son jadawali mai lambobi da yawa. Sai na sa REPT ya ja sanda ɗaya a kan kowane buhu 10 da ƙauye ya biya, a gaban sunan ƙauyen. Yana kallo ya ce, "To, yanzu ka yi magana. Ai wannan shi ne zanen da mai shago ke yi a bango." Nan take ya ga ƙauyen da ke baya.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne makarantun koyon kwamfuta da suka cika garuruwanmu. Yaro zai biya kuɗi ya yi wata uku ko shida, ya fito da satifiket, ya iya ƙawata rubutu da launi, ya iya haɗa katin biki da kalanda. Ban raina wannan ba, sana'a ce, ana ci da ita. Amma shi wannan yaron ne gobe za a ɗauka ya shigar da sunayen ma'aikata ko na marasa lafiya, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa akwai bambanci tsakanin lambar da ake lissafi da ita da lambar da ake kiran mutum da ita. Darasin ba ya cin awa biyu. Ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar sabuwar kwamfuta, ba ya ma buƙatar Turanci. Na koyar da shi da Hausa ga waɗanda ba su wuce sakandare ba, suka riƙe, domin da ka ce musu "ƙirga, cire, maimaita, liƙa" sun gane. Kalmar sifiri ma ba baƙuwa ba ce a bakinmu, daga Larabci muka karɓe ta tun kafin zuwan boko. Abin da ya rage shi ne malamai su ɗauki jerin gaske mai datti, mai gajerun lambobi da dogaye da harafin O a tsakiya, su ba ɗalibi su ce gyara, kuma ka nuna min waɗanda ka ƙi gyarawa da dalilinka. Ɗalibin da ya ware layi biyar ya ce waɗannan sai an koma wurin masu su, shi ne ya ci jarrabawa.

Dattijon nan ya samu kuɗinsa bayan kwana 9 da samun maƙwabcinsa. A noman rani kwana 9 ba wasa ba ne, taki yana da lokacinsa. Bai taɓa sanin abin da ya faru ba, na dai ce masa kuskure ne daga wurinmu, na ba shi haƙuri. Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, ɗana."

Kirana ga shugabannin ofisoshi da ƙungiyoyi da makarantu, ku da kuke sa hannu a ƙasan takardar biya: ba sai kun iya kwamfuta ba. Kafin ku sa hannu, ku ce a nuna muku layin da ya ƙirga tsawon kowace lamba, ku ga 10 daga sama har ƙasa a asusu, 11 a waya. Ku tambaya lambobi nawa aka cika da sifiri, kuma an gwada su da takardun asali ko ba a gwada ba. Ku ce banki ya tantance sunaye kafin kuɗi ya fita. Jerin da za a manna a bango kuwa, kada ya bar ofis sai an rufe lambobinsa.